Yadda na kama gidan haya a Nagoya, daga ofishin dillali har ƙofar maƙwabta

Ɗalibin da ya zo Japan karatu yakan yi watanninsa na farko cikin rufin asiri, domin jami'a ce ke ba shi ɗaki a masaukin baƙin ɗalibai, ga gado ga firji ga wuta, ba ruwansa da mai gida ko dillali. Wahala tana somawa ne ran da wa'adin masaukin ya cika, wanda a yawancin jami'o'i wata shida ne ko shekara guda. Nawa wa'adin ƙarshen Maris na 2023 ne, ga shi kuma bizar maiɗakina da ɗanmu ta kusa fitowa, suna Kano suna jiran in ce su taho. Na rubuta wannan ne saboda 'yan'uwa masu zuwa bayana, don abin da ya fi ɗaure mini kai ba tsadar gidan ba ce. Rashin sanin abin da ake nema a wurina ne a kowane mataki, alhali mutanen ƙasar ba sa faɗa maka kai tsaye, sai dai ka karanta a fuskarsu.

Na soma nema a tsakiyar Janairu, kuma wannan ba sauri ba ne. A Japan shekarar makaranta da ta aiki duk a watan Afrilu suke farawa, saboda haka daga Janairu zuwa Maris kowa na kan hanyar tashi: sabbin ɗalibai, sabbin ma'aikata, da waɗanda kamfani ya yi wa canjin wurin aiki. Gidan da ka gani a intanet da safe, kafin la'asar wani ya riga ka. Wanda ya kama hannuna shi ne wani dattijo Bahaushen Kumasi da muke haɗuwa a masallacin Nagoya da ke gundumar Nakamura ranar Juma'a, mai sana'ar fitar da tsofaffin motoci ta tashar jiragen ruwa. Da na kai masa kukana sai ya ce, "Malam, kuɗin da kake ganin sun ishe ka, ka ninka su. Sannan kada ka shiga ofishin dillali kai kaɗai, kuma kada ka je da rigar barci." Na ce, "Alhaji, gida zan kama ko aure zan nema?" Ya ce ai kusan duk ɗaya ne a nan.

Kafin in taka ofishin kowa, sai da na koyi karanta tallar gida. Ba a auna ɗaki da ƙafa, da tabarmar tatami ake aunawa, kowace ɗaya kimanin murabba'in mita 1.62 a lissafin dillalai, don haka ɗaki mai tabarma shida bai kai murabba'in mita goma ba. In ka ga 2DK, ɗaki biyu ke nan da wurin girki wanda za a iya cin abinci a ciki. In an rubuta tafiyar minti goma zuwa tashar jirgi, lissafin mita 80 ne a kowane minti, ba a sa hawan tudu ko jiran danja a ciki. Akwai gidan da suke kira apato, na katako ko ƙarfe mara nauyi, yawanci hawa biyu, akwai kuma manshon na kankare. Na farkon ya fi araha, amma tarin maƙwabcinka ma kana jinsa. Sai shekarar da aka gina gidan, wadda Alhaji ya ce in fi sa wa ido: a Yunin 1981 aka tsaurara dokar gini saboda girgizar ƙasa, kuma gidan da aka ba wa izini kafin nan yana kan tsohon ma'auni. Wani lokaci da shekarun sarautar sarki ake rubuta shekarar, 1981 ita ce Showa 56, 2023 kuma Reiwa 5.

Ranar da na je ofishin dillali na tafi da wani abokin karatuna ɗan ƙasar. Aka ba mu wurin zama, aka kawo koren shayi, aka miƙo fom: suna, aiki, abin da nake samu a wata, mutum nawa za su zauna, ina shan taba ko ba na sha, ina da dabba ko kayan kiɗa. Dillalin ya buga mana takardun gidaje da dama, na ware waɗanda suka kwanta mini. Daga nan sai abin da ban taɓa gani ba ya biyo baya. A gabana ya ɗauki waya yana kiran masu gidajen ɗaya bayan ɗaya, yana cewa baƙo ne daga Afirka, ɗalibin digiri na uku, yana jin Japananci kaɗan, yana da mata da ƙaramin yaro. Sai in ga yana sunkuyar da kai ga wayar, ya ajiye, ya ja iska ta haƙoransa, ya ce, "Wannan da ɗan wuya." Na ce wa abokina to mu tambaya ina wuyar take, ko za mu iya warware ta. Ya taɓa ni da gwiwa ta ƙarƙashin tebur. Da muka fito ya bayyana mini cewa in ɗan Japan ya ce abu da ɗan wuya, ya gama ƙi ke nan, yana dai kare maka fuska ne da kare tasa. In ka matsa masa ya faɗi dalili, kai ne ka yi rashin ta ido. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, domin mutanen ba su gan ni ba, ba su ji muryata ba, ƙasata kawai aka ambata. Daga baya na ga binciken da Ma'aikatar Shari'a ta Japan ta fitar a 2017, inda kusan kashi 40 cikin ɗari na baƙin da suka nemi gida suka ce an taɓa hana su don kawai baƙi ne. Sanin hakan bai rage zafin ba, amma ya hana ni zargin rigata ko lafazina. Dalilan da masu gida ke bayarwa, in sun bayar, ba su wuce uku ba: baƙo zai yi hayaniya, ba zai iya rarraba shara ba, ko ya bar ƙasar da bashin haya. Duk takardar da aka nema a wurina bayan nan, amsar ɗaya daga cikin waɗannan tsoro uku ce.

Gidajen da aka yarda in gani, dillalin da kansa ya kai mu a motarsa. A jakarsa akwai silifas, kowace ƙofa muka isa sai ya jera mana su a ɗan wurin cire takalmi, da muka zo ɗakin tatami kuma silifas ɗin ma aka cire. Gidan haya a nan wayam ake ba ka shi: babu labule, babu firji, babu injin wanki, wasu ɗakunan ko fitilar silin babu sai wurin maƙala ta, murhun gas ma kai za ka saya. Ka je da abin awo ka auna wurin firji da na injin wanki da tagogi. Ɗaya daga cikin gidajen ya yi araha fiye da kima, na tambayi dalili, dillalin ya ce wani ya rasu a ciki an daɗe ba a sani ba. Wajibi ne a kansu su faɗa, kuma 'yan ƙasar suna gudun irin wannan gida sosai, kamar yadda wasu gine-ginen ke tsallake lamba 4 wajen sa wa ɗakuna lamba saboda furucinta ya yi daidai da na mutuwa. Ni wannan bai dame ni ba, nisa daga tashar jirgi ne ya sa na bar shi. Na tsaya a kan wani 2DK a hawa na biyu na wani apato da aka gina a 1988, a gundumar Meito, kan layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Higashiyama, haya yen 58,000 a wata, da ƙarin 3,000 na kula da haraba da fitilun matakala.

Cewa ina so bai sa gida ya zama nawa ba. Sai an tantance ni tukuna. Aka nemi hoton katin zama na baƙi gaba da baya, fasfo, katin ɗalibi, takardar shaidar tallafin karatu, lambar wayar Japan, da takardar rajistar mazauni wadda na karɓa a ofishin gunduma kan yen 300. Abin da suke so shi ne kuɗin shigarka na wata ya ninka haya sau uku, ni kuwa tallafin gwamnatin Japan ga ɗalibin digiri na uku yen 145,000 ne da ɗan ƙari, bai kai ba. Dillalin ya ce in haɗa da shafin littafin banki mai nuna ajiyata da takardar ɗan aikin taimakon malami da nake yi a jami'a. Sai maganar mai tsaya mini. A tsarinsu na asali, ana kawo mutum ɗan ƙasa mai albashi, yawanci uba ko wa, ya sa hatimi cewa in ka gaza biya shi zai biya kamar shi ya ci bashin. Da na ce zan roƙi farfesana, abokina ya zare ido. Ya ce tun suna yara iyayensu ke ja musu kunne kada su taɓa tsaya wa kowa a bashi, ko da aminin ƙut da ƙut ne, kuma in na roƙi malamin na jefa shi a tsaka mai wuya: ba zai so ya yi ba, ba zai kuma iya ce mini a'a ba. Mafita ita ce kamfanin lamuni, wanda yanzu yawancin masu gida ma shi suka fi so. Kana biyansa rabin hayar wata ko ta wata cur a farko, sannan kimanin yen 10,000 duk shekara. Amma shi ma kamfanin yana son lambar wani mazaunin Japan mai jin harshen da za a kira in an neme ka an rasa. Wannan ba ɗaukar bashi ba ne, don haka na iya roƙon farfesan, kuma ya amsa nan take. Duk da haka ban je hannu rabbana ba, na riƙa masa ɗan kwalin biskit.

Jiran sakamakon tantancewa bai kai mako ba, amma barcina bai yi daɗi ba a ciki. Kamfanin ya kira ni a waya, ya kira farfesan. Tambayoyin masu sauƙi ne, sunana, ranar haihuwata, adireshin gidan da kuɗin hayarsa, kuma na fahimci ba amsar suke bi ba, so suke su ji ko za a iya magana da ni in famfo ya fashe. Duk wanda ke wannan mataki, ya ɗauki kowace baƙuwar lamba da ta kira shi, domin ƙin ɗauka kaɗai na iya kayar da mutum.

A wannan tsakanin na yi hatimi, wanda a Japan ake bugawa a takarda a madadin sa hannu. Tun 2020 gwamnati ta soke buƙatarsa a mafi yawan takardunta, amma dillalai da masu gida da wasu bankuna suna nan a kan bakansu. 'Yan ƙasa masu sanannun sunaye suna iya sayen nasu a shagon yen ɗari, mu kuwa sai an sassaƙa. Na ba da aikin a wani ƙaramin shago, aka rubuta sunan mahaifina da baƙaƙen katakana, waɗanda Japanawa ke rubuta sunayen baƙi da su, na biya ƙasa da yen 3,000. A nan akwai tarkon da ya kama mutane da yawa a gabana: yadda aka rubuta sunanka da katakana a banki, haka za ka rubuta shi a ko'ina, harafi da harafi. Sunan Muhammad kaɗai ana rubuta shi ta hanyoyi daban-daban, kuma in na yarjejeniyar haya ya saɓa da na banki, cirar kuɗin wata ba za ta wuce ba, sai ka ga takardar tunatarwa kamar wanda ya ƙi biya.

Da sakamako ya fito sai aka aiko da lissafi, na zauna na karanta shi a tsanake. Kuɗin ajiya na wata guda, 58,000, wanda ake cire gyara a ciki ran tashi a maido maka saura. Reikin, wato kuɗin godiya ga mai gida, shi ma 58,000, wannan kuwa ba ya dawowa har abada, kyauta ce kake ba mutumin da za ka riƙa biya duk wata don ya yarda ka zauna. La'adar dillali hayar wata guda da harajin kashi goma, 63,800. Kamfanin lamuni 30,500. Inshorar gobara ta shekara biyu 18,000. Canjin makulli 16,500. Hayar Afrilu gaba ɗaya 61,000, da ta kwanakin da suka rage a Maris kusan 39,000. Jimilla ta tasam ma yen 345,000, fiye da hayar wata biyar da rabi, ban sayi ko cokali ba. Na tambayi abokina ko ana neman ragi. Ya ce ana yi, amma sau ɗaya, a kan abu ɗaya, cikin ladabi, kuma kafin a miƙa takardun tantancewa. Wanda ya tsaya ciniki a kan kowane layi, mai gida yakan ɗauke shi mutum mai fitina ya janye. Tunda lokacin ya wuce, na tura kuɗin ta banki kafin ranar da aka yanka mini.

Ranar sa hannu na isa minti goma kafin lokaci, kamar yadda ake yi. Doka ta wajabta cewa kafin yarjejeniya, wani ma'aikaci mai lasisin dillancin gidaje ya nuna maka katinsa, ya karanta maka muhimman sharuɗɗa da baki, layi bayan layi. Mun haura awa guda a kai. Tun Agustan 2020 har taswirar ambaliya sai an shimfiɗa maka an nuna inda gidan yake a kanta, kuma a Nagoya wannan ba wasa ba ne: guguwar Isewan ta Satumban 1959 ta hallaka ko ta ɓatar da mutum fiye da 5,000, kuma unguwannin kudancin birnin da ke kwari kusa da teku suna cikin waɗanda suka fi shan wahala. Meito tana gabas, kan tudu. Sharuɗɗan da suka fi shafarmu su ne waɗannan: yarjejeniyar ta shekara biyu ce, ba a buga ƙusa a bango, ba a kunna risho mai kananzir, kuma babu wanda zai zauna a gidan sai waɗanda aka rubuta sunansu. Na tambaya, in ɗan'uwa ya zo daga wani gari fa? Aka ce kwana ɗaya ko biyu ba laifi, amma ya yi makonni, sai an sanar. Mu da muka saba ɗaki ba ya yi wa baƙo kaɗan, wannan sharaɗi ne da ya kamata mu ji da kyau, don ana korar mutane a kansa. Sai buga hatimi: a ƙarshen takarda, a tsakanin shafuka, a kan kwafi biyu a haɗe. In an yi kuskuren rubutu ba a gogewa, ana ja masa layi biyu ne a buga hatimi a kai.

Na karɓi makulli a tsakiyar Maris. Wuta da ruwa ta waya da intanet aka buɗe su, gas kuwa sai ma'aikacin kamfani ya zo kana nan ya gwada. Kafin ka sayi murhu ka tambaya ko gas ɗin gidan na bututun gari ne ko na tukunya, domin murhunsu ba ɗaya ba ne. Kamfanonin kwasar kaya suna tsawwala kuɗi a Maris, kuma kalandarsu ta gargajiya tana da ranakun sa'a da na rashinta: mutane suna rububin ranar taian, suna kauce wa butsumetsu, har wasu kamfanonin kan sauƙaƙa farashi a ranar da ake gudu. Ni kayana ba su da yawa, Alhaji ya aiko yaronsa da ƙaramar motar ɗaukar kaya. Daga nan sai ofishin gunduma, wanda doka ta ba da kwana 14 a je. Da yake cikin Nagoya na tashi daga wata gunduma zuwa wata, ofishin sabuwar kawai na je. Wanda ya fito daga wani birni sai ya fara karɓo takardar fita daga tsohon. Na ciri lamba a na'ura, na jira fiye da awa guda saboda cunkoson Maris, aka rubuta sabon adireshi a bayan katin zamana, aka gyara na inshorar lafiya da katin My Number, wato katin lambar shaida da gwamnati ke ba kowane mazauni, ba a karɓi ko yen ɗaya ba. Aka haɗa ni da ɗan littafin shara. Gidan waya kuma suna juyo maka da wasiƙun tsohon adireshi kyauta har shekara guda in ka cika fom.

Maiɗakina ta iso bayan nan da kaɗan, muka yi abin da Alhaji ya ce shi ne ainihin kama gidan, wato gaida maƙwabta. A Kano in ka tare a unguwa, maƙwabta ne ke shigo maka da kwanon abinci da sannu da zuwa; a nan sabon zuwa shi ke bin ƙofofi da tsaraba a hannu. A gidan ƙasa ana gaida gida uku na tsallaken titi da biyu na gefe, a bene kuwa na dama da na hagu da na sama da na ƙasa. Tsarabar ƙarama ce, ta yen 500 zuwa 1,000, abin da zai ƙare da amfani: tawul, sabulun wanke-wanke, ledar rufe abinci. A kanti za su naɗe maka da farar takarda mai hoton jan zare da fari, a rubuta sunanka a ƙasa don su riƙe shi. A Japan ta da, zamanin da ake kira Edo, taliyar soba ake rabawa. Mun fita da hantsi ranar Asabar, mu uku. Na ƙasanmu wata tsohuwa ce mai zaman kanta. Na miƙa da hannu biyu, na faɗi abin da na haddace, cewa mu ne muka tare a sama, muna da ƙaramin yaro, wataƙila za mu dame ta da ƙara, muna neman afuwa tun yanzu. Ta sunkuya, muka sunkuya, ta sake sunkuyawa. Ta dubi yaron ta ce yara ai sai da gudu. Duk abin bai fi minti biyu ba, ba ta ce mu shigo ba, kuma ba a sa ran ta ce. Na hagunmu saurayi ne, ta na'urar ƙofa ya amsa bai buɗe ba, muka rataya masa ledar a marikin ƙofa da 'yar takarda. Maiɗakina ta ce, "Baban Abba, wannan wace irin maƙwabtaka ce?" A ganina maƙwabtaka ce sosai, sai dai ma'auninta daban: nagarin maƙwabci a wurinsu shi ne wanda ba ya ɗora maka nauyi. Mun ƙara gane haka da ƙaramar Sallah, da muka kai wa tsohuwar kwalin dabino, washegari sai ga ta da kwalin strawberry. Kyauta a nan tana jawo ramuwa, yawanci ta kimanin rabin darajar abin da aka ba ka, saboda haka babbar kyauta aiki ce ka ba mutum. Dafaffen abinci kuma sai an saba sosai.

Shara ita ce jarrabawar da ba ta ƙarewa. A Fabrairun 1999 birnin Nagoya ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan shara, bayan ya fasa cike fadamar Fujimae ta bakin teku, matattarar tsuntsaye masu ƙaura, da ya so mayarwa juji. Tun daga nan rarrabawa ta yi tsanani. Akwai ledojin da birni ya amince da su, mai jan rubutu ta abin ƙonawa, mai kore ta abin da ba ya ƙonuwa, mai shuɗi ta abin da za a sake sarrafawa. Ana kwasar ta ƙonawa sau biyu a mako, ana fitarwa da safiyar ranar kafin ƙarfe takwas, ba da daren jiya ba, a lulluɓe da raga saboda hankaki. Gorar roba sai an cire murfi da takardar jikinta an ɗauraye. Ledar da aka haɗa ba daidai ba, ana manna mata takarda a bar ta a wurin, kuma da yake ledar garau take, kowa ya wuce yana ganin abin da ke ciki. In ba a san mai ita ba, baƙon gidan ake fara zato, ko an faɗa ko ba a faɗa ba. Babban kaya kamar katifa sai ka kira ka yi rajista, ka sayi takardar mannawa a kanti, wadda a 2023 kuɗinta ya kama daga yen 250 zuwa 1,500.

Ƙorafi ma ba a kawo maka shi a ƙofa. Azumin shekarar ya kama a ƙarshen Maris, muna tashi sahur wajen ƙarfe huɗu. Wata rana muka tarar da takarda daga kamfanin da ke kula da ginin a akwatin wasiƙar kowa, tana cewa an samu koke kan ƙarar injin wanki da dare, ana roƙon dukkan mazauna su kula daga ƙarfe goma zuwa safiya. Ba mu ne masu wankin dare ba, amma takardar ba ta ambaci kowa ba don kowa ya binciki kansa. Muka koma dafa abincin sahur tun da magariba, da asuba sai ɗumamawa, muka shimfiɗa tabarmar soso mai kauri a inda yaron ke wasa. Turmin da maiɗakina ta sha wahalar ɗaukowa daga gida, ado ya zama.

Sai ƙungiyar unguwa, chonaikai. Wani dattijo ya ƙwanƙwasa ya ce yen 300 ne a wata. Shiga ba dole ba ce a doka, amma su ke share wurin shara da filin wasan yara, su ke shirya atisayen girgizar ƙasa, kuma ta hannunsu allon sanarwa ke zagayawa gida-gida, ka karanta ka buga hatimi ka miƙa wa na gaba. Abin da ya tsaya mini shi ne bikin wurin bautar Shinto na unguwa. Na tambaye shi a hankali ko kuɗin na shiga can, ya ce a unguwarmu gudummawar bikin daban ake tara ta, ga wanda ya so. Na ce addinina bai ba ni damar wannan ba, amma shara da atisaye a sa da ni. Bai nuna komai ba, ya ce ya gane. Unguwa ta bambanta da unguwa, don haka a tambaya tun farko.

Ga mai zuwa bayana, ya tanadi hayar wata biyar zuwa shida kafin ya soma nema, ya gaya wa dillali tun zaman farko cewa gidajen da ke karɓar baƙi kawai yake son gani, don ya huta da jin ana ƙin sa a waya. Ya kuma duba gidajen UR, hukumar gidajen haya da ke ƙarƙashin gwamnati, waɗanda ba su da kuɗin godiya, ba la'ada, ba mai tsayawa, ba kuɗin sabunta yarjejeniya, sai ajiyar wata biyu da sharaɗin kuɗin shiga ko ajiya a banki. Da yawansu tsofaffi ne, wasu babu lif. Ranar karɓar makulli, kafin a shigar da kaya, a ɗauki hoton kowane tabo da karce a bango da daɓe, a cika takardar duba gida a mayar wa kamfanin cikin wa'adinta. Na raka wani ɗan'uwa ɗan Maraɗi ranar da ya tashi daga nasa gidan, na ga mai dubawa yana bin bango da tocila. Tun gyaran dokar Afrilun 2020, tsufan gida na yau da kullum, irin dushewar bango daga rana ko sawun ƙafar firji, a wuyan mai gida yake, ɗan haya kuwa abin da ya ɓata da sakaci kawai zai biya. An so a lissafa masa wani karce a ƙofar banɗaki, ya buɗe waya ya nuna hoton da ya ɗauka ran da ya tare, mai dubawar ya ba da haƙuri ya soke layin. Sanarwar tashi kuma a rubuce ake ba da ita, yawanci wata guda kafin ranar, in ta makara hayar watan gaba tana kanka ko ka riga ka kwashe kayanka.